Shekarar da Aka Tono Dutsen Niƙa

Musa ya ce in daina yawo in zauna wuri ɗaya, wai ƙafafuna sun kumbura, kuma mutane suna tambayarsa me tsohonsa yake nema a bakin titi. Na ce masa to. Na zauna kwana biyu, rana ta uku sai na ga kaina a kan hanyar gona, ban san lokacin da na sa takalmi ba. Shi ya sa na koma kan wannan littafi, in ga ko hannu zai sauke mini abin da ƙafa ta kasa saukewa. Karatuna bai wuce firamare ba, ku yi haƙuri da rubutun. Yadda ruwan Tiga ya ci garinmu aka kwaso mu zuwa nan gefen Burumburum, na riga na rubuta muku a baya. Yau shekara ɗaya nake so in tsaya a kanta, shekarar da na dawo gida bayan shekara tara ba na nan. Ku uku nake rubuta wa: kai Musa, ke Rabi, da yayanku. Zan riƙa ce masa yayanku, don haka bakina ya saba. Shi ne ɗan farina, kuma a yadda aka rene mu uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya lalace.

Amma kafin nan akwai maganar da na bari ta daɗe tana yawo a gari. An ce bakin Innarku ne ya kore ni. Ƙarya ne, kuma ni na bar ƙaryar ta girma, don ta fi mini sauƙi. Innarku, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba kafin in tafi. Ni ne dai tun ina saurayi zama ba ya yi mini. Da aka gama girbi wata shekara sai na bi wasu masunta 'yan'uwanmu na bakin Tiga zuwa Tafkin Chadi, da niyyar cin rani ɗaya. Yayanku yana shekara takwas, Musa huɗu, Rabi tana goye. Ranin farko ban samo abin kirki ba, na ji nauyin dawowa hannu wofi, na ce bari in ƙara ɗaya. Na biyu na samu, sai na ce bari in ƙara don ya yi auki. Daga na uku kuwa ba ni da wani dalili. Na ji daɗin zaman da babu mai jiran ka kawo cefane, babu yaron da zai yi zazzaɓi a ce kai za ka san yadda za a yi. In na tuna gida sai in ɗaure bandar kifi in ba direba ya kai, in ji kamar na sauke wani abu. Kifin nan, daga baya na ji, wani lokaci yana isowa ya riga ya yi ƙwari.

A wancan lokaci ban tsaya na yi tunanin wa na bar muku ba. A tsohon garinmu, in mutum ya yi tafiya akwai baffa, akwai kaka, akwai gandu ɗaya da ake nomawa tare. Amma ruwa ya watsa mu. Yayana yana Kiru, ƙannen babana sun yi Doguwa, iyayena sun rasu. Mace ɗaya na bari da yara uku da gona. Innarku ta koma yin ƙuliƙuli da surfe a gidajen mutane. Yayanku ya bar makaranta yana aji huɗu, don damina ba ta jiran a tashi daga aji. Shi ne ya riƙa riƙe hannun Musa zuwa filin idi yayin da sauran yara suke bin bayan iyayensu. In an yi gayyar noma a ba shi aikin manya, in an zo cin tuwo a tura shi wajen yara. In ya yi faɗa a ce ɗan mace ne, ba tarbiyya. In ya yi shiru a ce ɗan mace ne, ba zuciya. Duk wannan ba a bakinsa na ji ba. Rabi ce ta ba ni labari bayan ta yi aure, kamar yadda Innarku ta ba ta.

Yanzu maganar dutsen. Ranar da aka kwashe mu daga tsohon gari, babana ya ɗora dutsen niƙan mahaifiyarsa a kan jaki, mutane suna ta yi masa tsiya, wai ana ɗaukar hatsi shi yana ɗaukar dutse. Da aka auna mana gonar nan, ya tashe ni da sassafe muka je kusurwar gabas, inda muka yi iyaka da gonar gidan su Malam Tanko. Ya haƙa rami har gwiwa, ya binne dutsen, ya mayar da ƙasa, ya dasa gamba a kai. Ya ce gamba ana iya tumɓuke ta, bishiya ana iya sare ta, amma wannan babu wanda ya san da shi sai ni da kai, kai kuma sai ɗanka in ya isa. Haka muke yi: uba ya zaga da ɗa ya nuna masa iyaka da ƙafa, ba da baki ba. Na tafi ban nuna wa kowa ba. Ko Innarku ba ta san da dutsen ba.

A shekara ta tara, ina zaune a kasuwar kifi ina gyaran komar kamun kifi, sai ga wani direba mutumin Ɗansoshiya, Garba, wanda yake ɗaukar banda zuwa Kano. Mun san juna tun muna samari. Ya tsaya a kaina yana dariya.

"Haruna, ashe kana da rai? Ai a garinku an fara rabon gadonka, sai dai ba 'ya'yanka ke rabawa ba."

Ya zauna muka ci abinci, ya kwashe komai ya gaya mini. Malam Tanko ya share gambar iyaka, kowace damina yana matsowa kaɗan, har ya ci taku goma sha wani abu. Yayanku, yana shekara goma sha shida, ya kai ƙara wajen dagaci shi kaɗai. Aka fita gona da dattawa. Yaron ya ɗauki turke ya kafa a wani wuri ya ce nan ne iyaka. Da aka tambaye shi shaidarsa, sai ya ce a nan babansa yake ajiye gorar ruwa in ya kai ƙarshen gona, ya sha, sannan ya juya. Garba ya ce wurin ya kaure da dariya. Malam Tanko ya zare turken ya miƙa masa ya ce ya kai wa uwarsa ta hura wuta. Dagaci bai yi dariya ba, amma abin da ya ce ya fi dariyar ciwo. Ya ce maganar ƙasa ba ta yara ba ce, je ka kira ubanka. Yaron ya tsaya da turke a hannu, bai san inda zai je kiran ba.

Na kasa ƙarasa abincin. Kwana uku ina zagaya bakin ruwa, in shiga jirgi in fito, in ɗauki koma in ajiye. A na huɗu na hau bayan motar Garba a kan buhunan kifi. Ina so in gaya muku gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: ba tausayin yaron ne ya taso ni ba. Gonar ce ta taso ni, da jin an ce an taɓa abin Haruna.

Na iso da la'asar, an yi ruwan shuka da kwana biyu, gari yana ƙanshin ƙasa. Na yi sallama a ƙofar gidana kamar baƙo. Wata yarinya ta leƙo da faranti a ka, ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, ta juya ciki tana cewa Inna ga wani malam yana sallama. Ke ce, Rabi. Innarku ta fito, ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce sannu da zuwa, kamar daga kasuwar Tudun Wada na dawo. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta koma kan turminta. Musa ya raɓe jikin rumbu yana leƙena. Can kusan magariba sai ga wani dogon saurayi ya shigo da garma a kafaɗa, ƙafafunsa duk laka, kafaɗunsa irin na babana. Ya ajiye garmar, ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, ya ce Baba sannu da hanya. Nan take na gane yayanku ne. Amma na kau da kai gefe, na amsa a ciki-ciki, kamar yadda babana yake amsa wa yayana. Na jawo Musa na ɗora shi kusa da ni ina shafa kansa, na ce ya gaya wa wancan gobe ya shirya fartanya za mu fita.

Washegari da hantsi aka taru a gona, dagaci da dattawa da Malam Tanko da 'yan kallo. Na tsaya na daidaita bishiyar ɗorawa da tsohon suri, na taka, na nuna wuri da sanda na ce a haƙa nan. Yayanku ne ya haƙa. Yana haƙa ana surutu, Malam Tanko yana cewa ko rijiya na zo ginawa. Da ramin ya kai gwiwa sai fartanya ta yi ƙara. Ya sa hannu ya share ƙasa, ga dutsen niƙan kakata kwance, da kwarminsa a tsakiya inda hannun mata ya cinye shi. A bakin ramin, bai kai taku ɗaya ba, akwai ɗan gurbi da ciyawa ta fara rufewa. Gurbin turken yaron ne. Na gan shi. Kowa ya gan shi.

Dagaci ya yanke magana nan take, Malam Tanko ya ce shi kuskure ya yi, aka yi addu'a. Sai aka yo kaina da gaisuwa. Wannan ya ce gida ya sami mai shi, wancan ya ce ka ga amfanin namiji a gida, shekara guda ana fama da yaro, ga shi an gama kafin rana ta yi zafi. Ni kuwa ina ta amsawa, ina jin daɗi. Yayanku yana tsaye cikin ramin har lokacin, da fartanya a hannu, yana kallona. Magana ɗaya ce ta rage a wurin nan, kuma ni kaɗai ne zan iya faɗinta: jama'a, yaron nan gaskiya ya faɗa muku. Ta zo mini har baki. Sai na tuna ɗan fari ne, za a ce Haruna ya yi zaman bariki ya dawo ba kunya, yana yabon ɗansa a bainar jama'a. Na haɗiye ta. Na ce a mayar da ƙasa.

Kuskure na biyu kwana ɗaya ne tsakaninsa da na farko. Na ga ya kamata in zaga da ɗa in nuna masa sauran alamun iyaka kafin wani abu ya sake faruwa. Amma yaya zan jera da ɗan fari muna tafe muna magana? Sai na ce Musa ya ɗauko takalminsa. Innarku tana tankaɗe a bakin ɗaki, ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Malam, wanda ya riƙe gonar fa?"

Na ce ko so take mutane su ce ba ni da kunya.

"Shekara tara ba ka ji kunyar mutane ba, sai yau."

Iyakar abin da ta taɓa gaya mini ke nan a kan tafiyata, har ta koma ga Allah. Na ji zafinsa, kuma don na ji zafin sai na ƙi sauraro. Na fita da Musa. Muka zaga gonar kusurwa huɗu, ina nuna masa, ina dafa kafaɗarsa. Yayanku yana tsakiyar gona yana shuka dawa, yana sara yana jefa iri yana takewa, bai ɗago ba ko sau ɗaya. Mun wuce ta gabansa sau biyu.

Sai da na tsufa na gane abin da na yi. Kunyar ɗan fari ba mugun abu ba ce a inda aka yi ta. Babana bai taɓa kiran sunan yayana ba, amma kullum yana gida, yayana yana ganin wanda ya fi samun babban yanki na nama, yana jin yadda ake tambaya ko ya dawo. Ga kaka tana yi masa wasa, ga baffa yana jan sa kasuwa. Uba ya yi shiru, gida ya yi magana a madadinsa. Ni kuwa na ɗauko shirun kaɗai na kawo wa yaron da ya yi shekara tara yana jin shiru. Ta ina zai bambanta kunya da ƙi?

Bai tafi nan da nan ba, ku shaida masa wannan. Ya yi noman farko da maimai, ya yi huɗa, ya yanke dawa, ya ɗaure dammuna, ya cika rumbu. Duk daminar nan muna gida ɗaya, saƙo tsakaninmu sai ta bakin Musa. Ranar da aka rufe rumbu ya wanke garmarsa ya rataye a zaure, ya shiga ɗakin Innarku ya daɗe. Da ya fito ya tsuguna a inda ya tsuguna ranar da na dawo, ya ce Baba zan je Kwanar Dangora neman aikin mota. Na so in ce zauna. Abin da ya fito daga bakina shi ne, Allah ya tsare. Na ga bayansa da 'yar jaka, tafiyarsa sak tawa.

Sauran kun sani. Ya yi yaron mota, ya zama direban babbar mota, yau Legas gobe Maiduguri. Ya yi aure sau biyu, duka ba su zauna ba. 'Ya'yansa suna gidajen kakanninsu na uwa, suna ganinsa daga salla sai salla, ya sauke musu buhun shinkafa mota tana kunne. In na ji ana zaginsa a kan haka sai in tuna bandar kifina. Kai Musa, har yau ba ka iya yanke shawara sai ka waiwaya ka ga ko wani zai tashi ya tafi. Ke Rabi, mijinki ya gaya mini in ya yi tafiyar kwana biyu ba kya cin abinci. Ban ce duk ni ne ba, kowa da halinsa. Amma na san inda aka fara.

Bayan rasuwar Innarku zama ya gagare ni gaba ɗaya. Yayanku ya zo jana'iza, ya yi kwana uku, muka gaisa kamar maƙwabta. Daga nan na fara zuwa Kwanar Dangora. In hau mota da safe, in zauna a bencin mai rake inda manyan motoci suke tsayawa, in yi ta duban masu saukowa har la'asar, in dawo. Na yi haka ya fi sau goma, har masu sayar da rake suka sa mini suna Baba mai jiran mota. Wata Laraba da azahar sai ga shi ya sauko daga wata doguwar mota, ya yi furfura a gemu, yana miƙa yana yi wa mai shayi tsiya. Na tashi tsaye. Mutane cike da wurin. Na buɗe baki na kira sunan da ni na raɗa masa a kunne ranar suna, ban sake faɗa ba shekara arba'in da wani abu.

"Idrisu."

Ya juyo yana neman mai kiran. Da ya ga ni ne, ya tsaya. Ya zo a hankali ya rage tsawo, ya gaishe ni, sannan ya yi wani ɗan murmushi da ba na daɗi ba.

"Ashe ka san sunan, Baba."

Na ce na san shi. Na ce na zo ne in gaya masa turken da ya kafa daidai yake, ko taku ɗaya bai kuskure ba, kuma gorar ruwa a nan nake ajiye ta.

"Na sani. Ai ni na haƙa." Ya dubi titi. "Ba ni nake bukatar ji ba. Waɗanda suka yi dariyar ne, kuma rabinsu suna kabari."

Ya sayo mini shayi da burodi, ya zauna a ƙarshen bencin har na gama. Ba mu yi wata doguwar magana ba. Na ce ina so ya zo mu zaga gona, ya taho da babban ɗansa. Ya ce in Allah ya ba da hanya, irin amsar da ni ma na sha aikowa gida. Ya tare mini mota ya sa ni a gaba. Har direba ya tayar, sai ya sunkuyo ta taga, bai dube ni ba, ya ce:

"Dutsen yana nan?"

Na ce yana nan.

Juma'ar da ta biyo baya, da aka sallame, na miƙe a ƙofar masallaci kafin a watse. Na ce jama'a ku tsaya, ina da bashin magana. Na faɗi abin da ya faru a gonar, na ce ɗana Idrisu gaskiya ya faɗa aka yi masa dariya, ni kuma na gani na yi shiru. Samari suka riƙa kallon juna, ba su san zancen ba. Tsofaffi uku ne suka rage daga cikin waɗanda suke wurin, ɗaya ma ba ya ji sosai, sai da aka maimaita masa. Wani ya ce Malam Haruna tsufa ya fara taɓa shi, yana kiran sunan ɗan fari a masallaci. Na ce a faɗa. Na rubuta a nan kuma don waɗanda ba su je masallacin ba, da jikokin da ba a haifa ba.

Washegari na ɗauki fartanya na je kusurwar gabas na tone dutsen da kaina. Ya ɗauke ni har azahar, ina yi ina hutawa. Ban mayar da ƙasa ba. To Musa, ga amsar tambayar da kake yi mini kullum, can nake zuwa. In iska ta zuba ƙasa in kwashe, in ruwa ya taru a kwarmin in tsiyaye, sannan in tsaya in saurari titi. Damina biyu ke nan bai zo ba. Sallar bara ya bugo maka waya ya ce a gaishe da Baba, ka ce har ya tambayi ƙafata. Ban sani ba ko zan ga zuwansa. In ban gani ba, kada ka rufe ramin, kada ka bari wani ya rufe, ko da za a ce gonar gidan Haruna tana da rami kamar ta mahaukata. Ku ajiye gorar ruwa a bakinsa. Idrisu ne zai mayar da ƙasar, ɗansa yana tsaye kusa da shi yana gani.